Babban Yatsan Kawu

Mutanen da suka sallaci gawar Kawu ba su cika rabin harabar masallacin unguwarsu ba. Ni ban je ba, ina cikin gida tare da mata, amma duk wanda ya dawo daga maƙabarta da wannan maganar ya dawo, tun bai karkaɗe jar ƙasar Inugu daga ƙafarsa ba. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana raka gawar baƙo da ta ɗan gari, a ce tasa ta tafi da sahu 'yan kaɗan, kamar ta wanda ya sauka a tasha jiya.

Washegari mutanen Fatakwal suka iso, mota bayan mota, idanu sun yi ja. Wani tsohon mai sayar da wake a kasuwar Mile 3 ya durƙusa a ƙofar ɗakin Inna, matar Kawu, ya yi mata gaisuwa yadda ta kamata. Ya haƙuri, Allah ya jiƙansa, Allah ya sa ya huta. Da ya miƙe sai ya juyo wajena ya ce, "Makullinku ya hana mu ladan jana'izarsa. Kin kyauta." Maƙwabtansa Inyamurai na kasuwar Ogbete sun rufe rumfunansu sun zo, suna ta "ndo, ndo," wato sannu da yarensu, suna tambayar me ya sa ba a faɗa musu da wuri ba. Wata mata Kirista daga unguwar Abakpa Nike ce kaɗai ba ta tambayi komai ba. Ta shigo da itace a ka, ta ɗaura zani, ta hau girki, hawaye na zuba tana gogewa da bayan hannu.

Kafin a kai ga sadakar uku magana ta tsaya wuri ɗaya: a cire makullin. Wanda zai yanke hukunci kuwa ƙanin Kawu ne na Anacha, wanda muke kira Kawu Ƙarami, don shi shugabancin ƙungiyar da Kawu ya riƙe ya faɗo wa. Duk duniya ba wanda ya tsani makullin nan kamarsa, kuma a kansa ya yi shekaru ba ya taka gidan yayansa. Ni na san abin da makullin yake tarewa, shi ya sa na kasa cin abinci a kwanakin nan.

Ni 'yar ƙanwar Kawu ce. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka su biyun "Uwata" suke kirana tun ina rarrafe. Na yi karatun kwamfuta, ina aiki a Fatakwal, kuma ni nake kula da sabar ƙungiyar 'yan kasuwarmu, masu albasa da wake da tumatir da busasshen kifi na garuruwan nan uku. Saba kwamfuta ce da ba ta barci. A cikinta ake sanin wace mota ta taso daga Arewa, wa ke tuƙa ta, wace hanya za ta bi. Daga cikinta kuma saƙo ke fita zuwa wayar kowa da sunan ƙungiya. In ta ce hanya ta yi kyau, direba ya tashi. In ta ce gari ya ɗau zafi a rufe rumfa, a rufe. Wanda bai zauna a ƙasar da ba tasa ba ba zai gane nauyin saƙo irin wannan ba. Mu a nan, da shi muke fita, da shi muke komawa gida.

A farko kalmar sirri ɗaya ce ake shiga da ita, kuma sirrin nata a suna kawai ya tsaya. Ana miƙa ta kamar goro. Sakatare ya sani, surukinsa ya sani, mai ɗora kaya ya sani don wata rana an aike shi. Na sami Kawu a rumfarsa yana tsince ruɓaɓɓiyar albasa, na ce masa wannan ganganci ne, a ƙara wani mataki, yadda ko mutum ya san kalmar ba zai shiga ba sai ya nuna wani abu da ke hannunsa shi kaɗai.

Ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Uwata, mu nan duk cikinmu ɗaya. Wa zan kalla in ce masa ban yarda da kai ba?"

Na ce, "Kawu, ba da su ne ban yarda ba."

Ya ce, "To da wa? Ɗebi albasa ki kai wa yaranki."

Haka ya sallame ni. Ba zan yi masa ƙarya don ya mutu ba, Kawu yana da taurin kai, kuma ya biya kuɗinsa da abin da ya fi komai tsada a wurinsa.

Kawu Ƙarami fatoma ne. Gidansa na Anacha ba ya rufuwa, duk ɗan Arewan da ya sauko da kaya a nan yake sauka, ya ci, ya kwana, a nemo masa mai saye. Ba a tambayar baƙo daga ina, ba a tambayarsa sai yaushe, haka suka gada kuma da haka yake alfahari. Wani baƙo ya sauka a wurinsa, mai fara'a, mai yawan salla, ya san sunan ƙauyuka da na mutane. Wata rana suna cin tuwo ya ce yana so ya duba ko motar da ta ɗauko kayansa ta taso. Kawu Ƙarami hannunsa na cikin miya. Ya ga tashi ya duba masa wahala ce, hana shi kuma rowa ce, sai ya faɗa masa kalmar da baki ya ce duba da kanka. Bayan 'yan kwanaki baƙo ya yi godiya ya tafi.

Ba a jima ba saƙo ya fita da sunan ƙungiya zuwa ga direbobin da ke hanya. Wai rikici ya ɓarke a babban titi, kowa ya ratse ta wata tsohuwar hanya ta cikin daji. Babu wani rikici. 'Yan fashi ne ke jira a can, sun datse hanya da kututture. Motar da ke gaba babban ɗan Kawu ne ke tuƙa ta, da abokin tuƙinsa, wani Kirista ɗan kudancin Kaduna. Su biyun babu wanda ya fita.

Da na duba saba na ga an shiga daga wata waya da ba mu sani ba, da kalma daidai, ba kuskure ko na harafi ɗaya. Ba a fasa komai ba, ba a ɓalle komai ba. An buɗe masa ne ya shiga. Baƙon kuma ba a sake jin ɗuriyarsa ba, ƙauyen da ya ce shi ne nasu ba wanda ya san shi.

Ɗan fari ne, kun san yadda abin yake a wurin mutanen da. Kawu bai taɓa kiran sunansa ba, "yaron nan" yake cewa, ko ya nuna shi da haɓa. Ranar da aka kawo gawa bai yi kuka ba, bai ko sunkuyar da kai ba. Ya tsaya aka binne, ya juyo ya tambaya ina gawar ɗayan. Aka ce tana asibiti, ba a san yadda za a kai ta garinsu ba, matarsa ba ta da kowa a Inugu. Kawu ya bar tabarmar makokin ɗansa, mutane na ta zuwa suna tarar da wurinsa babu kowa, ya hau mota da akwatin gawa da matar mamacin har ƙauyensu. Ya zauna a bayan coci da hularsa har aka gama. Wasu sun yi gunaguni. Ya ce, "Tare suka tashi, tare suka faɗi. Nawa yana da masu zama masa." Matar da ta shigo da itace a ka, ita ce matar mamacin nan.

Bayan arba'in sai ga shi a Fatakwal ba sanarwa. Ya hau benen gidanmu yana haki, ya ƙi ruwa, ya ƙi zama a kujera. Ya zauna a ƙasa ya ce, "Uwata, abin nan da kika ce."

Na so in ce masa yanzu kuma me ya rage. Wallahi maganar ta zo har bakina. Na dubi yadda wuyan rigarsa ya yi masa yawa, na haɗiye ta. Na yi masa bayani: kalmar sirri abu ne da ka sani, kuma abin da ka sani wani ma zai iya sani. Za a ƙara abin da ka riƙe. In an sa kalma, saba za ta aiko tambaya a wayarka, wayar kuma ba za ta amsa ba sai ka ɗora babban yatsanka. Ko kuma ɗan makulli na ƙarfe, ƙarami kamar ɗan yatsa, a soka a jikin kwamfuta a taɓa. Wanda ya saci kalma yana can nesa, babu waya, babu yatsa, babu makulli, a waje zai ƙare.

Ya ce, "Wato zaure daban, ƙofar ɗaki daban."

Na ce, "Haka ne, Kawu."

Ya ce, "Ki yi shi yadda ko ke ba za ki aika wa mutane saƙo ba sai da shi. Ba don ban yarda da ke ba." Ya ɗago ya dube ni. "Kin ga yanzu na iya faɗin maganar."

A Anacha aka yi taron, a zauren Kawu Ƙarami, don Kawu ya ce ba zai yi abu a bayan idon ƙaninsa ba. Aka tsayar cewa ƙofar aika saƙo ga kowa mutum biyu ne za su riƙe, Kawu da wayarsa, ƙaninsa da ɗan makullin ƙarfe. Na miƙa masa da hannu biyu. Ya juya shi a tafinsa, fuskarsa ta canza.

Ya ce, "Yaya, yau ni ne na'ura za ta tambaya ko ni ne? Ni da muka sha nono ɗaya?"

Kawu ya ce, "Ni ma tana tambayata, Auta."

"Kai ba a gidanka baƙo ya kwana ba. Ka daina kewaye-kewaye. Ka fito fili gaban mutane ka ce ni na kashe maka ɗa."

Kawu ya ce, "Ban ce ba, kuma ba zan ce ba. Wanda ya ba ni shi ya karɓi abinsa."

"To wannan na mene ne? Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Ka mai da mu duka tsumma." Ya wurgo makullin kan tabarma, ya dube ni. "Injiniya, kwashe tarkacenki."

Daga ranar bai sake ce mini Uwata ba. Na yi kuka a mota har muka fita daga garin, ba don kunyar da ya ba ni ba, sai don ganin Kawu da na yi lokacin da ya sunkuya ya tsinci makullin da kansa. Ya aika masa da shi ta hannun direba, makullin ya dawo. Ya sake aikawa, ya sake dawowa. Daga baya ya aika bai dawo ba, muka ce to, ya jefa shi kogin Kwara ya huta. Wasu shugabanni suka so a cire Kawu Ƙarami daga ƙungiya. Kawu ya ce duk wanda ya sake tayar da maganar, shi zai fara fita.

Kada wani ya ɗauka mutane sun so abin. Ba su so ba. Sakatare zai rubuta saƙo, ya tsaya jiran Kawu ya fito daga masallaci. In ya yi alwala yatsa ya jiƙe, waya ta ƙi shi, ya tsaya yana gogawa a babbar riga yana cewa, "Yau kuma ba ta gane ni ba, ja'ira." Ya daina yanka albasa da hannun dama don kada wuƙa ta ɓata masa zanen yatsa. 'Yan kasuwa suka sa masa suna Mai Yatsa, yana ji, bai damu ba. Duk saƙon da za a aika sai an karanta masa ya ji, in bai gamsu ba ya kira wanda ke wurin da ake magana a kai. Yana da maganganunsa da yaranmu suka haddace. "Sallama ba shaida ba ce, ɓarawo ma ya iya ta." Da kuma wadda ya fi yawan faɗi, "Murya ana aron ta." An sha kiransa a waya, wai daga kamfanin layi, wai ya karanto lambar da ta shigo masa a gyara masa wani abu. Yakan ce, "Lambar nan ba ta fita ta baki, ɗana. In aikin gaske ne ka zo Ogbete, rumfar albasa, kowa ya san ni."

Sau ɗaya na ga amfanin abin da idona, kuma ban ji daɗin ganin ba. Ina rumfarsa da hantsi, ana sauke kaya, sai wayarsa ta yi ƙara. Tambaya ce daga saba: ana so a shiga, kai ne? Ya kira sakatare, sakatare ya ce ba shi ba ne, yana kan babur ɗin okada ma. Ashe an sake samun kalmar. Daga baya muka gano wani saƙon ƙarya aka tura wa sakatare ya sa ta a ciki bai sani ba. A ranar motoci na kan hanya, cike da 'ya'yan mutane. Kawu ya danna "ba ni ba ne." Shi ke nan. Ba a ji komai ba, ba abin da ya faru, masu dako suka ci gaba da sauke buhuna, motoci suka iso da yamma lafiya.

Sai na ga ya zauna a kan buhu yana kallon yatsan. Ya ce, "Wannan ne kawai?"

Na ce, "Shi ne kawai, Kawu."

Ya ce, "Ɗan wannan." Sai ya kira sunan ɗansa, sunan da ban taɓa ji a bakinsa ba, ya rufe fuska da hula a tsakiyar kasuwa. Kukan da bai yi a maƙabarta ba a nan ya yi shi. Na tsaya a gabansa na baza mayafina don kada masu wucewa su gani.

Rigimata da shi ta ƙarshe a kan makulli na biyu ce. Da ciwon ƙafa ya fara kwantar da shi na ce, Kawu, wancan ya ɓata, a yi wani a ba liman ko sakatare, ƙofa ba ta zama a hannun mutum ɗaya, kuma kai ba yaro ba ne. Ya ce a'a. Na ɗaga murya, Allah ya yafe mini, na ce wannan ba tsaro ba ne, taurin kai ne irin na farko. Ya bari na gama.

Ya ce, "Wurin Auta ne. In na ba wani, na cire shi ke nan."

Na ce, "Shi ya cire kansa."

Ya ce, "To ya dawo ya tarar da wurinsa."

A cikin jinyar nan aka taɓa yaɗa cewa ya rasu. Labari ya zaga wayoyi, mutanen Fatakwal har sun fara neman mota. Ba a yi awa guda ba ya sa aka tallafo shi, ya ɗora yatsa, saƙo ya fita: ƙarya ne, ina nan da raina, kowa ya koma kasuwarsa. Ya yi dariya har da tari, ya ce ya ga waɗanda za su zo. Daga nan mutane suka ƙara riƙe darasinsa, ba a hawa hanya sai ƙungiya ta faɗa.

Ya cika da rana tsaka, ana ruwan sama, ina riƙe da ƙafarsa, Inna na wajen kansa. Aka ce za a binne kafin magariba. Kowa ya hau kiran nasa, amma duk wanda aka kira daga nesa sai ya ce to, bari mu ga saƙon ƙungiya, ai an taɓa yi mana haka. Sakatare na da kalma. Wayar na ƙarƙashin matashin kai. Yatsan da ke buɗe ta na kwance a ƙarƙashin mayafi.

Na kira Kawu Ƙarami da kaina. Na ce, "Kawu, ni ce. Allah ya yi wa Kawu rasuwa yanzun nan."

Ya ce, "Wace ce?"

Na ce, "Ni ce mana."

Ya ce, "Na ji." Ya kashe. Ban taɓa jin haushin mutum kamar yadda na ji nasa a lokacin ba.

Kafin masu wanka su shiga, wani dattijo cikin shugabanni ya zo bakin ƙofa da wayar a hannunsa. Mutumin kirki ne, abokin Kawu, kuma don Kawu ya faɗa. Ya yi ƙasa da murya ya ce mini, "Hajiya, jikinsa bai gama sanyi ba. A ɗan ɗora yatsan, mutane su samu su zo." Ban sani ba ko za ta buɗe, ban kuma so in sani ba. Kafin in yi magana Inna ta miƙe, ita da ko sunan wayarta ba ta sani ba, ta tsaya tsakanin ƙofa da gado.

Ta ce, "Yana da rai bai taɓa danna abin da ba a karanta masa ba. Ba za a danna masa yana kwance ba. Wanda Allah ya rubuta zai sallace shi, zai sallace shi."

Shi ya sa sahu ya yi kaɗan. Kawu Ƙarami ya iso ana dawowa daga maƙabarta, rigarsa sharkaf. Bai tambayi kowa komai ba, ya zauna a ƙarshen tabarma, yana amsa gaisuwa da kai.

Ranar sadakar uku, bayan an shafa addu'a, aka aiko in fito da kwamfuta, tunda ni zan cire abin. Na zauna a gefen zaure. Sakatare ya yi jawabi mai daɗi, ya ce marigayi ya yi da kyakkyawar niyya, amma ga abin da ya jawo, a koma yadda ake da, a dai riƙa kula. Kai ya riƙa gyaɗuwa ko'ina. Na riga na shirya abin da zan faɗa, har da cewa su nemi wani ya cire musu, ni ba da hannuna ba.

Kawu Ƙarami ya ce, "An sanar da mutane rasuwar Yaya?"

Sakatare ya ce, "Ai kowa ya ji, Alhaji."

"Ban ce an ji ba. Na ce an sanar?"

Ya sa hannu cikin wuyan rigarsa ya zaro wata igiya, da ɗan ƙunshin fata a jiki, an ɗinke shi kamar laya, gumi ya mai da shi baƙi. Ya karɓi reza ya farke ɗinkin a hankali. Makullin ya faɗo a tafinsa.

Bai dubi kowa ba ya ce, "Da yarinyar nan ta kira ni, na ji muryarta sarai. Amma murya ana aron ta. Na ce bari in jira, wancan karon ma haka aka ce, Yaya ya aiko ya ƙaryata. Na zauna da waya a hannu ina jira ya ce mini yana nan. Azahar ta wuce. Na ce ko yatsan ne ya jiƙe." Ya dubi makullin da ke tafinsa. "Sai da la'asar ta kusa na gane shirun nan shi ne shaidar. Da yana da rai da bai bar ni ina jira ba. Sannan na hau mota."

Ya ci gaba, "Baƙona ya ci tuwona, ya yi salla a bayana. Da akwai abin nan a lokacin, da a zaure ya tsaya. Na san haka tun ranar da na jefar da shi. Sanin ne ya hana ni zuwa gidan nan, ba fushi ba." Ya juya wajen sakatare. "Ba za a cire ba. A ƙara makulli, ɗaya a Fatakwal, ɗaya a nan, kada a sake barin sa a wuyan mutum ɗaya. Kuskuren Yaya guda ne, da ya tsaya jirana."

Sannan ya dube ni. Ya ce, "Uwata, ina ake sokawa?"

Na nuna masa. Sakatare ya sa kalma, ya rubuta sanarwar, Kawu Ƙarami ya ce a karanta masa ya ji. Aka karanta. Ya goge babban yatsansa a jikin riga, ya ɗora.

Wayoyi suka ɗau ƙara gaba ɗaya, a zaure, a ƙofar gida, a cikin gida wajen mata, har wajen murhu inda matar nan ke kwashe shinkafa. Mutane suka riƙa ciro waya suna karanta labarin mutuwar da suka kwana uku suna zaman makokinta. Tsohon nan na Mile 3 ya karanta, ya ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, kamar yanzu ya fara ji.

Ta Kawu Ƙarami ma ta yi ƙara a aljihunsa. Ya ciro ta, ya nisanta ta da idonsa don ba ya gani kusa, ya bi saƙon da yatsa har ƙarshe. Saƙon da ya zauna jira a Anacha ya iso, kuma shi ya aiko wa kansa. Ya kifa wayar a kan tabarma, ya ce, "Yaya," sau ɗaya, sannan kafaɗunsa suka fara rawa.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa taurin kansa, ya haɗa shi da yaron da bai iya kiran sunansa ba. Ya sa in an tambaye shi a inda yake kwance, amsa ta zo masa da sauƙi. Mu kuma da muka rage a kan hanyoyin nan, Allah ya kai mu gida lafiya.